Takarduna a cikin kashin jemage

Jama'a, takardun digirina sun tafi Kebbe a cikin kashin jemage!

Ku yi haƙuri idan na rikita wani abu, har yanzu kaina bai dawo daidai ba.

Kun san muna mayar da garejin Baba falo. Yau kafinta ya hau cire tsohon kwano. Yana ɓamɓare silin sai ga abu yuuu! Kashin jemagu ne, ina jin na shekaru. Wari! Na fita da gudu na yi amai a bakin rariya.

Kawu Bello, ƙanen Inna, ya zo daga Kebbe. Ya ɗebi abin da hannu ya shinshina. Ya ce, "Kada kowa ya zubar! Wanga taki ya fi na buhu ga albasa."

Kafin in gama wanke baki ya cika kwali, ya ɗaure a babur, ya tafi.

Sai bayan azahar na tuna. A cikin kwalin nan, can ƙasa, na ajiye ambulan ɗin takarduna, tun da ɗakina ya fara yoyo. Ga tantancewar aiki ranar Litinin!

Nan take na kira Kawu a waya. Ya ce, "Awo, na gan su, ɗana. Na karkaɗe su, suna shan iska bisa rumbu. Sunanka na fita sarai, hoton ne dai ya ɗan jiƙe."

Gobe da sassafe zan kama hanyar Kebbe. Duk wanda yake wurin ya gyara mini idan na yi kuskure, don Allah, musamman wanda ya miƙa wa Kawu kwalin nan.