Kuɓewar Barira

Taubashiyata Barira ta fi shekara talatin tana noman kuɓewa a bakin tafkin Madarumfa. Ba ta san katakon yanka ba. A tafin hannu take yanka ta, siriri-siriri, har kana hango rana ta cikin yankan. Kwana uku a kan tabarma ta bushe ƙarau. Da wannan busasshiyar take ciyar da gidan mutum tara daga kaka har faɗuwar ruwa, tun da mijinta ya rasu.

Bana ta tsinko kwando shida, sai aka yi rasuwa a Gabi, ta tafi gaisuwa. Ranar ce babban ɗanta Ɗan Azumi ya dawo daga birni da tsaraba: wani mashin na roba mai haƙoran ƙarfe, ka sa albasa, ka danna, ta zubo ƙwaya-ƙwaya. Ƙato mai gemu, 'ya'yansa uku, bai taɓa tambayar yadda miya ke zuwa akushi ba, ranar ya ga dama ya hutar da uwarsa. Ya tara matan gida suna kallo, ya danne kwando shida kafin la'asar.

Mashin ba ya yanka kuɓewa, matse ta yake. Ta fito guntu-guntu masu kauri, yauƙi na dalala kamar majinar ɗan yaye. Ya shanya, ta dunƙule. Da Barira ta dawo bayan kwana huɗu, fumfuna ta yi wa tabarmin fari fat, wari har masallaci.

Ina wurin. Ta daɗe tana kallo.

“Wane ɗan albarka ne?”

“Inna, hannunki na tausaya wa. Duk ya tsattsage.”

“Hannuna ya kawo maka ƙara? Ya aiko maka takarda? Da tsagarsa aka yi maka gemun nan, sakarai!”

Na ce, “Barira, yi haƙuri, ci gaba ne ya zo.”

“Kai kuma rufe mini baki, tsohon kwaɗayi. Ka je ci gaban ya ba ka tuwo.”

Ni ma raina a ɓace yake. Kakar kuɓewa ta wuce, ba a sake ta. Ta yi yini biyu a durƙushe tana tsince abin da bai ruɓe ba, ta samu tiya ɗaya da ƙyar. Yanzu kuka ake sha a gidan safe da yamma. Ranar Juma'a kaɗai take kaɗa kuɓewa, ta zuba wa jikoki, ta tura wa Ɗan Azumi tuwonsa gaya.