Ranar da Muka Ɗora Baba Bukar a Sikeli

Akwai wata safiyar Litinin da har yau ban manta da ita ba, safiyar da na kusa sa a kori mutumin kirki daga aiki da alƙalamina. Tun da kun matsa in ba ku labarin aiki, wannan zan ba ku, ko da yake ni ne abin dariyar a ciki.

A tsakiyar shekarun 1970 ne, lokacin da kuɗin mai ya shigo, kowa na gini, kowa na odar kaya. Ban daɗe da fitowa daga makarantar koyon fasaha ba na samu aiki a garejin wani kamfanin sufuri a bakin Sabon Gari, ta wajen tashar jirgin ƙasa. Manyan motocinmu kan ɗauko siminti da rodi daga Ikko, wasu su sauke dilolin atamfa a Kantin Kwari. Ga wanda bai san tsarin ba, manaja ne a sama, sai injiniya, sai mataimakinsa, wato ni, sannan heluma mai kula da makanikai. Injiniyanmu ya tafi kwas, don haka duk wata takardar fasaha ni ake miƙo wa. Kullum nakan zo daga Fagge a kan sabon babur, da biro uku a aljihun gaba. Makanikai suka raɗa mini suna Malam Lissafi. Ni a zatona yabo ne.

Helumanmu shi ne Baba Bukar. Iyayensa daga Barno suka zo, amma a Fagge aka haife shi. Ƙaton mutum ne, in ya shigo ofis sai ɗakin ya yi duhu. Da yake mahaifiyata Bafulatana ce, akwai wasa tsakaninmu, bai taɓa kiran sunana ba sai “ɗan Fulani”.

Cikin wata biyu, manyan sufanu uku na kwance notin taya suka karye. Na ukun a wajen Baba Bukar ya karye, har ya ji ciwo ya kwana huɗu a gida. Manajanmu, Alhaji Garba, ya kira ni ya zube gutsattsarin a kan tebur.

“Obi ne ya sayo su a kasuwa,” in ji shi. “Ka duba ka rubuto mini. In jabu ne, ya tafi.”

Mista Obi shi ne mai kula da sito. Tun kafin yaƙin basasa yake Kano, bayan yaƙi ya dawo ya tarar ba shi da komai, ya sake farawa. ’Ya’yansa biyar duk suna makaranta.

Bari in yi muku bayanin aikin a taƙaice. In ka danna sufana, ƙarfen yana ɗan lanƙwasawa ko da ido bai gani ba: gefen sama na miƙewa, na ƙasa na matsewa. In ka saki sai ya koma yadda yake. Amma kowane ƙarfe na da iyaka. In aka wuce ta ba zai koma ba, in aka ƙara sai ya karye. Wahalar kuma ta fi taruwa a wuyan sufana, kusa da inda ya kama noti. Abu biyu ake buƙata a lissafa ta: ƙarfin da aka sa, da tsawon da ke tsakanin hannu da noti. Sai a ninka su.

Na je Fagge gaishe da Baba Bukar, na tambaye shi yadda yake jan sufanan lokacin da ya karye.

“Da hannu mana, ɗan Fulani. Ku da haƙori kuke ja a ruga?”

Na dawo na zauna. Tsawon sufana ƙafa biyu. Jan hannun ƙaƙƙarfan namiji, na sa kilo arba’in. Lissafi ya nuna abin bai kai kashi ɗaya cikin goma na abin da ƙarfe mai kyau zai jure ba. Na maimaita sau uku, amsa ɗaya. Na rubuta shafi biyu, na ƙare da cewa ƙarfen jabu ne, na sa aka buga mini da tafireta. Har na ji daɗin yadda sa hannuna ya fito.

Ran Litinin, kafin in shiga wajen manaja, na biya sito don in mayar da gutsattsarin, saboda doka ce duk abin da ka ɗauka ka dawo da shi ka sa hannu. Mista Obi ya dubi takardar da ke hannuna, bai tambaye ni abin da ke ciki ba.

“Malam Sani, ka je duba Bukar?”

“Na je.”

“A ina aka ɗaure masa?”

“A idon sawu.”

“To. Mutum na jan sufana da hannu, sai ƙafa ta gurɗe.” Ya ci gaba da jera notuna a kwali. “Ni dai ban ce komai ba.”

Na roƙe shi ya ƙara mini bayani, ya ƙi. Abin da kawai ya ce shi ne, in ina son ganin gareji, in ajiye babur, domin tun daga kwanar tasha ake jin zuwana.

Na bi ta bayan katanga a ƙafa. A can ƙarshen fili, inda ake cire tayoyin tirela, na tarar da su. Sun zura wani dogon bututun ƙarfe a hannun sufana, ya kai ƙafa shida. Wani bakanike ya hau ƙarshensa yana tsalle, biyu na riƙe da hannayensa. Baba Bukar, wanda ya dawo aiki ran nan, na zaune a kan taya da ƙafarsa a naɗe, yana faɗa.

“Kai ai ba ka da nauyi! Da ni ne, tsalle ɗaya ya isa!”

Yana juyowa muka haɗa ido. Wanda ke kan bututu ya sauko a hankali kamar mai sauka daga raƙumi. A jikin bango, daidai saman kansu, ga sanarwar kamfani da jan fenti: duk wanda aka kama ya ƙara bututu a sufana, kora ce. Sai a lokacin na gane shirun Mista Obi.

“Baba,” na ce, “ashe wannan ne hannun?”

Ya ɗaure fuska. “Je ka kwance notin da ya sha ruwan Ikko ya yi tsatsa da hannunka, sannan ka zo mu yi magana. Mota kuma a ce dole ta fita yau.”

Na gaya masa abin da ke cikin takardata, da abin da manaja ya ce zai yi wa Mista Obi. Ashe bai sani ba. Ya miƙe da sauri har ya manta da ƙafar, sai da aka tare shi.

“Obi? A kan ƙarfen da ni na taka? Mu je wajen Alhaji.”

Na ce ya dakata, lissafi ba ya tafiya sai da lamba, kuma lambar tana jikinsa. Akwai babban sikeli a ƙofar sito da ake auna kaya. Kafin mu isa, duk garejin ya taru. Ya hau yana ƙunƙuni, allura ta tafi ta tsaya a ɗari da goma. Ya ce a bari ya cire takalmi. Ya cire ɗayan da ya iya sawa, allura ba ta motsa ba.

“Wannan sikelin ma Obi ne ya sayo shi,” in ji shi. Har Mista Obi sai da ya riƙe ciki.

A kan kwalin noti na sake lissafin. Ƙafa shida da kilo ɗari da goma ya ninka na farko fiye da sau takwas, ban ma sa tsalle ba. Sannan na yi abin da ya kamata in fara yi tun farko, na ɗaga gutsattsarin na dube su a hasken rana. Duka ukun a wuri ɗaya suka karye, daidai kan wani ɗan yanka da aka yi da zarto a wuyansu. Kun san yadda mai atamfa a Kwari ke ɗan tsaga bakin yadi da almakashi, sannan ya ja ya yage har ƙasa? Haka ƙarfe yake. Na tambayi Mista Obi wa ya yi yankan. Ya ɗauko fayil ya buɗe mini wani shafi.

Mu uku muka shiga wajen manaja. Baba Bukar bai jira an tambaye shi ba, ya faɗi nasa laifin tsaf. Alhaji Garba ya saurara, ya karanta sabon rahotona da na rubuta da hannu, ya zo kan maganar yanka.

“Wane marar tunani ne ya sa aka yanka wuyan sufana?”

Mista Obi ya ɗaga kai yana nazarin fanka. Baba Bukar ya shiga gyara ɗaurin ƙafarsa. Ni ne ƙarami, ni aka bari.

“Ranka ya daɗe, umarni ne daga ofis, don a riƙa gane kayan kamfani in an sace. Ga takardar.”

Ya dubi sa hannun da ke ƙasa, ashe nasa ne. Ya daɗe yana dubawa. Can sai ya cire hula ya shafa kai, ya ce, “To, ashe mu da yawa ne.”

Ba a kori kowa ba. Baba Bukar ya samu takardar gargaɗi. Aka yi odar dogayen sufanu masu kauri waɗanda dama don wannan aiki aka ƙera su, aka koma yi wa kaya alama da fenti, aka kafa dokar shafa wa noti mai kafin mota ta kama hanya. Da muka fito na ba Mista Obi haƙuri. Ya dafa kafaɗata ya ce in bar maganar, gobe ma rana ce ta aiki.

Abin da nake so ku riƙe, ku masu tasowa, lissafina na farko babu kuskure ko ɗaya a cikinsa. In kun duba shi yau za ku ba ni maki cikakke. Sai dai na lissafa wa wani mutum ne da babu shi a garejin, mai jan sufana da hannu a kan noti mai tsabta. Kafin ku yanke wa ƙarfe hukunci, ku je ku ga yadda ake mora shi lokacin da ba a san kuna kallo ba. Kuma in kun ga an kafa doka amma kowa na karya ta a ɓoye, ku tambayi abin da ya tilasta su. Ni dai tun daga ranar ban sake sa hannu a takardar da abincin wani ke rataye da ita ba, sai na tashi daga kujera na je na gani da idona.