Taki ɗaya daga bakin ruwa

Jama'a, sallama. Kun saba ganin hotunan jikokina a nan, amma yau maganar da na haɗiye fiye da shekara hamsin zan fitar. Rakiya, babbar 'yata, ki karanta har ƙarshe. Zancen tabon da ke cikinki ne.

A farkon shekarun saba'in ni ne mai auna ruwa a babbar tur'a, wato magudanar da ke shayar da gonakin auduga na yankin Jazira, kusa da garin Hajj Abdalla. Kullum da safe in duba sandar awo, in rubuta tsayin ruwa. Muhandis Usman, injiniyanmu, ya kwashi lambobin ya kai Khartum, inda aka ce akwai wata na'ura cike da ɗaki guda mai cin kati masu huji. Idan ta gama lissafi, sai ya dawo da doguwar takarda mai nuna saurin ruwa.

Ina son takardar nan kamar me. Har ƙamshinta nake shaƙa.

Wata rana ya nuna mini layin yankinmu, ya ce da irin wannan gudu katantanwar da ke ɗauke da tsargiya ba za ta iya kama ƙasa ba. Shi hira yake yi. Ni kuwa na ɗauko zancen na kai ƙauye, ina hura hanci, na ce a bar wanka a ƙananan magudanai a koma babba, na'ura ta wanke ta.

Inna ta dube ni ta ce, "Kai yaro, na tsakiya ɗai ka gudu. Na gefe kwance ya ke, awa ruwan randa."

Na yi dariya. Wa ya ga Inna da gardama da na'urar Khartum?

Shekara uku ina kai Rakiya bakin tur'a da hantsi. Ni in yi wanka, ita ta zauna cikin ciyawar gefe tana wasa da ƙafa.

Kasala ce ta fara zuwa mini. Sai zazzaɓi, sai jini a bayan gida. Na ce basir ne, na sha saiwoyi. Har ranar da na tsuguna duba sandar awo da azahar, lambobin suka narke suka bi ruwa, na farka a bayan lori an nufi garin Madani da ni.

A asibiti aka ɗebi jini, fitsari da bayan gida. Likita, da muke ce wa hakim, ya ji sana'ata, sai ya ce in leƙa madubinsa mai ƙara girman abu. Na ga wani ƙwai mai ƙaya a gefe, yana zaune cikin haske kamar wata.

"Ya zol, bawan Allah, wannan ne ya kayar da kai," in ji shi. "Wa kake wanka da shi?"

Nan na ambaci sunan Rakiya.

Aka kawo Rakiya, tana da shekara tara. Cikin da muke tsokanarta da shi, muna cewa cin tuwo ne, ashe saifa ce ta kumbura.

Ni allura aka sa mini a jijiya, yau a yi gobe a huta. Tana shiga sai tari, sai amai, sai gaɓoɓi su ɗauki ciwo. Ita kuwa bayan allurar aka ce sai an cire saifar. Tumakinmu biyu da ɗan maraƙi suka tafi a kuɗin mota da abincin jinya.

A zazzaɓin ranakun nan nakan ji na tashi sama. Jazira duka ta shimfiɗu a ƙarƙashina kamar tabarma, magudanai zare-zare. Sai in yi ta saukowa, ina ƙanƙancewa, har in shige tsakanin ciyawar gefe, inda ruwa ke tsaye cik, ɗumi, shiru, ga ƙafafun yarinya biyu kamar bishiyoyi. In yi ta kiranta ta fito, muryata ba ta kai ba.

Muhandis Usman ya zo dubiya. Na ce masa na'urarsa ta yi ƙarya. Ya zauna a bakin gadona ya ce:

"Ba ta yi ƙarya ba, ya akhi. Yanka tur'a muka yi kilomita-kilomita, kowane yanki lamba ɗaya. Abin da bai kai kilomita ba, ba ta ganinsa. Tambayarmu ruwa nawa zai isa gona. Kai kuma tambayarka taki ɗaya ce daga bakin ruwa."

Ɗan hakin da ka raina. Na juya fuskata bango na yi kuka.

Ranar aikin Rakiya, daga safe har la'asar ina zaune a baranda, ban iya ko tasbihi ba. Da ta farfaɗo, ruwa ta fara nema.

Mun warke mu biyu, alhamdu lillahi. Ina godiya ga hakim ɗin nan da ban riƙe sunansa ba, da mahaifiyar Rakiya, Hawwa, da ta yi jinyar mutum biyu da hannu biyu, da Inna, wadda har ta koma ga Allah ba ta taɓa ce mini "ai na faɗa" ba.

Ku da kuke kusa da ruwan noma, in kun ga jini ko cikin yaro ya tashi, ku je a gwada, kada ku tsaya saiwa. Ku kuma 'ya'yanmu masu lissafi da kwamfuta, duk lambar da za ku ba mutum, ku gaya masa girman ma'aunin da aka yi ta da shi.

Rakiya, mun ce miki da ciwon aka haife ki. Ba haka ba ne. Lafiyarki ƙalau aka haife ki, ni na ɗauke ki a kafaɗa na zaunar da ke a wurin.

Ki yafe wa babanki.