Jan Man da Na Rina wa Malam Ladan

Ƙarfe huɗu da minti ashirin na yamma, wata Talata, na buɗe baki na faɗi maganar da ta kai ni gidan yari. Na riƙe lokacin ne domin idona na kan agogon shagon Kawu Sahabi, ina ƙosawa ya sallame ni in koma wa littafina.

Shekarata ashirin a lokacin, ina karatu a kwalejin horon malamai. Marainiya ce ni, a hannun ƙanen mahaifiyata na tashi a Jega. Ba na iya ɗaga ido in kalli baƙo, amma ko wasali ɗaya ba ya kuɓuce mini a rubutu. Shagon Kawu yana jikin zaurenmu, kusa da tasha, yana sayar da baƙin mai da man birki. Idan kaya masu rubutun Turanci suka zo, ni ake kira in karanta.

Ba a daɗe da ba mu jihar Kebbi ba aka fara shigo da tsofaffin motoci ta Kwatano, wasunsu otomatik, masu canza giya da kansu. Direbobinmu ba su san kan irin motocin ba. Abu ɗaya suka riƙe: man giyarsu ja ne, har suna ce masa jinin mota. In an zaro sandar awo an ga ja, lafiya lau. In ya yi baƙi, a juye.

A wannan Talatar Kawu yana ta mita cewa jan man ba ya samuwa sai an je Sakkwato. Ni kuwa na karanta wani littafin mota da aka manta a shagon, sai na ce a hankali, "Kawu, ai jan nan launi ne kawai. Ana zuba shi don in mota tana yoyo a gane ba baƙin mai ba ne."

Ya ajiye mazurarin hannunsa. "Mi kinka ce? Launi na, awa na rini?"

Na ce eh.

"Ashe akwai magana cikin bakin ga! Ke ɗiyag ga, kin hi maza goma."

Ba a taɓa yabona haka ba. Wannan yabon ne ya saye ni, shi ya sa har yau nake jin haushin kaina.

Da farko cewa ya yi in gwada mu gani kawai. Na zuba galura a farin mai, ta kwanta a ƙasan kwalba. Da ina da hankali da nan na tsaya. Amma ni abu ya gagare ni shi ne ba na jurewa. Mako uku ina gwaji a bayan ɗakin girki, har na dace da launin da ke narkewa. Kawu ya riƙa kwaso tsohon man da aka juye a gareji-gareji, ina tacewa da ƙyalle, ina surka shi da mai arha, ina rinawa. Ina wanke tsofaffin galan, in mayar da murfi yadda ba mai cewa an taɓa buɗewa. Kowane awo na rubuta shi a littafina, layi bisa layi.

Cikin masu zuwa shagon akwai Malam Ladan, mutumin Sabiyal. Da can babbar motar albasa yake ja daga Aliero zuwa Kudu, har hatsari ya cinye masa ƙafar hagu. Ba ƙafar taka kuloci, ba tuƙi. Sai ya sayar da gonar gadonsa ya sayi otomatik mai bodi, yana jigilar fasinja da buhunan albasa tsakanin Aliero, Jega da Maiyama. 'Yan tasha suna tsokanarsa wai motar mata ya saya, shi kuma ya ce, "Ku da ƙahwa biyu, wa ya taɓa riga ni isa Maiyama?"

Shi kaɗai ke ce mini Malama. Ya kawo mini littafin motarsa, ni na koya masa ƙa'ida: a duba mai bayan mota ta yi zafi, inji na aiki, tana tsaye a wuri mai daidai. A goga sandar a farar takarda, a duba launi, a shinshina ko yana ƙauri. Kada a cika ya wuce alama, kumfa zai yi. In za a juye, a sauke kaskon ƙasa a sauya matata. Ya haddace duka kamar karatun allo.

Ranar da lokacin juye man giyarsa ya yi, ina tsaye Kawu ya miƙa masa galan biyu na aikin hannuna. Ya juyo gare ni ya ce, "Malama, mai kyau na?"

Na kalli ƙasa na ce, "Ja ne, Baba."

Bayan sati biyar ya dawo. Ya ce da safe in ya sa giya sai motar ta yi jinkiri, sannan ta fizga. A hawa kuma inji ya yi ta kuka, tafiya babu. Makaniki ya duba sanda ya ga ja, ya ce ba daga mai ba ne. "Amma ni ke nika yarda da ke, Malama. Duba mani."

Na zaro sandar, na goga a takarda. Ja wur, rinina bai ko dushe ba. Na kai hanci na ji ƙauri. Na san faifan cikin giyar sun fara ƙonewa, na kuma san in aka juye a ranar aka zuba na gaskiya, wataƙila motar ta tsira. Kalma huɗu kawai ake bukata daga gare ni: man nan jabu ne. Kawu yana zaune a bakin shago yana kallona. Na ce, "Man lafiya yake."

Kwana tara bayan haka giyar ta ƙone kusa da garin Liba, da rana tsaka, da kaya cike. Wani tsohon makaniki ya buɗe ta, ya ga launin ya kama masa yatsu kamar lalle, abin da man gaskiya ba ya yi. Da 'yan sanda suka bincike gidanmu, littafina suka fara samu. A gaban alƙali Kawu ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ko sunana ban iya rubutawa. Ita ta mai karatu." Aka sake shi. Ni aka ba ni wata goma sha takwas.

Ban yi musu ba, rubutuna ne. A gidan yari na yi ta juya abin a raina. Kullum nakan so in ɗora wa Kawu, kullum sai in tuna hancina ne ya ji ƙaurin.

Ƙannena masu karatu, da ku nake. Kada ku ɗauka shiru-shiru tsari ne daga ɓarna. Ni ban taɓa zagin kowa ba, amma na raba gurgu da abincinsa. Wanda ya yabi basirarku, ku tambaye shi me zai yi da ita. Wanda bai iya karatu ba ya miƙo muku takarda, amanarsa ya miƙo. In kun ji ƙauri ku ce akwai ƙauri, ko wa ke kallonku.

Da na fito, kwaleji ta riga ta kore ni. Na tuba ga Allah, amma na san haƙƙin mutum sai mutum ya yafe. Na tafi Sabiyal. Motar tana ƙofar gidansa a kan duwatsu, kaji na kwana a ciki, domin ba a samu wata giyar irinta ba. Shi kuma yana zaune a rumfa yana tsince ruɓaɓɓiyar albasa a aikin wasu. Na durƙusa na roƙe shi. Bai ɗago ba. Na koma karo na biyu, ya ce a ba baƙuwa ruwa, bai ƙara ba. Na uku aka ce ba ya nan, alhali ina hango sandarsa a zaure. Na dawo ina kuka don takaici. Ko zagi ne da ya yi mini, da na samu abin riƙewa.

A zuwa na huɗu na ce, "Baba, ba ni tashi sai ka ba ni amsa, ko wace iri ce."

Ya daɗe yana juya albasa ɗaya a hannunsa, sannan ya dube ni.

"Mota na yahe miki tun kina ciki. Amma ina da ɗiya, Kulu, ita ka zuwa ta ɗaya ajinsu. Randa anka karanta littahinki gaban alƙali na hidda ta makaranta, nac ce in wanga shi na karatu, ta zamna gida. Ga ta can tana daka. Ita za ki roƙa, ba ni ba."