Goggo Hure da Akushin da Ya Haye Teku

Bana shekara ashirin ke nan da rasuwar Goggo Hure, yayar mahaifina, wadda ta raine ni a Zuru. Har yau in na ji ƙamshin man kaɗe, ita nake tunawa.

Akusanta ba su taɓa kwana da ruwa ba. Da an gama cin tuwo sai ta wanke su da ruwan ɗumi, ta kife su a inuwa, don rana na tsaga icce. Ran Juma'a kuwa ta narka man kaɗe ta bi su da tafin hannu har su yi baƙi wuluk. Takan ce da ni, "Icce ko an sare shi yana jin ƙishirwa."

Farkon zuwan Turawa, wani Bature mai rangadi ya ga babban akushinta, wanda wani masassaƙin Dabai ya yi mata tun tana amarya. Ya aiko tafinta ya roƙa. A wancan zamani ba a ce wa Bature a'a, kowa a gidan ya tsure. Goggo dai tambaya ta dame ta.

"Mi za shi ci a ciki?"

Tafinta ya ce ba ci zai yi ba, ƙasarsu zai kai shi ya ajiye ana kallo.

"Kallo? To wa ka shafa mishi mai?"

Ta ba da akushin tana hawaye, ta haɗa da curin man kaɗe a ganye. Daga nan duk baƙon da ya sauka sai ta tsare shi: akwai gara a ƙasar Turawa? Sanyinsu na fasa icce? An ce matambayi ba ya ɓata, amma ita har ta koma ga Mahaliccinta ba wanda ya ba ta labari.

Yau kwanon kanti ya cika kasuwar Zuru. Da tana raye, na san ba za ta kushe shi ba. Za ta ƙwanƙwasa ta ji ƙararsa, ta zuba tuwo ta zauna ta ga yaushe zai huce.

Ba ta haihu ba, ba ta bar gona ba. Akusa ta bari, muka raba, kuma gidajen 'yan'uwana duk na zaga ban ga tsagagge ko ɗaya ba. Allah ya jiƙan Goggo.