Bappa Bobboyi Ya Ga Ɓauna

A unguwar Bako ta Yola kowa ya san cewa in ka miƙa wa Bappa Bobboyi abu ya ce a'a, to ba a gama magana ba, yanzu aka fara. Ka sake miƙawa, ya ce ya ƙoshi. Sai ka matsa, ka rantse, ka ɓata rai, sannan ya karɓa yana kau da kai kamar wanda aka zalunta. Shi pulaaku yake kiran wannan hali, kunyar Fulani da ya gada kaka da kakanni. Matarsa Zulaihatu kuwa wahalar da mutane take kiransa.

Malamin dabbobi ne. Ƙuruciyarsa duk a rugage ta ƙare, daga Fufore zuwa Mayo Belwa, yana yi wa shanu allura. Sauro ya ci shi, kaska ta ci shi, ya kwana a tanti har bayansa ya san duwatsun Adamawa ɗaya bayan ɗaya. Ranar da ya yi ritaya ya ɗaga hannu sama ya ce shi da daji har abada.

A duk wannan yawo akwai Hosea, direban motar ofishinsu, ɗan Numan mazaunin Karewa a Jimeta, mutum mai baki a buɗe. In ardo ya kawo musu ƙwaryar nono Bobboyi ya ce a'a, sai Hosea ya ce, "Ardo, rabu da shi, tun asuba cikinsa ke kuka. Kawo." Da ba don Hosea ba, wallahi da yunwa ta kashe Bobboyi a tsakiyar abinci. Kirsimeti Bobboyi na Karewa, Sallah Hosea na Bako, haka har furfura ta rufe su.

Da matar Hosea ta rasu, 'yarsa Keturah, wadda ke aikin nas a garin Denver na Amurka, ta ɗauke shi can. Ba a jima ba labari ya iso cewa ɓarin jikinsa ya shanye, magana ma ta ɗauke. Tun daga nan Bobboyi ya daina cin abincin kirki. So yake ya ga Hosea da idonsa tun suna da rai, ba ya da wani buri da ya wuce wannan.

Sai ga Basma, 'yar ƙaninsa da aka haifa a Amurka ta girma a can, ta bugo waya tana gayyatarsa hutu. Ya ce a'a, ba shakka. Zulaihatu ta fizge wayar ta ce yana zuwa. Tsofaffin majalisarsu ta ƙofar masallaci suka yi ta ɗora masa gaisuwa zuwa ga Hosea, Zulaihatu ta daka yaji da kuka ta ƙulle masa. Basma kaɗai ce ba a faɗa wa dalilin tafiyar ba. Ta yaya za ka ce wa mai masaukinka ba don shi ka zo ba?

Yarinyar kuwa ta shirya masa gata iya gata. Ta ɗauki hutu, ta cika mota da kaya, ta ce za ta zagaya da shi manyan gandun daji na ƙasar, su kwana a tanti. A tanti! Bobboyi ya haɗiye yawu ya ce madalla.

Suna kan hanya ta ce, "Bappa, Anti Keturah ta ce abokinka yana Denver. Za mu wuce ta kusa. Mu tsaya?"

Abin da ya kawo shi ke nan. Bakinsa kuwa ya yi abin da ya saba. "A'a, 'yata, kada ki wahalar da kanki saboda ni."

Ya gyara zama yana jiran tambaya ta biyu. Basma ta ce, "To, Bappa," ta ƙara muryar rediyo.

Haba Basma! Amma me za ka ce mata? A inda ta tashi, in babba ya ce a'a, ladabi shi ne a ƙyale shi.

Daga nan sai daji. Suka ga duwatsu ja masu tsayi, suka ga rami mai zurfin da ba a hango ƙasansa. Suka tsaya cikin taron Turawa suna jiran ruwan zafi ya yi tsiri daga ƙasa; da ya yi, kowa ya yi ihu, Bobboyi ya ce ai a Lamurde ta jiharsu ma akwai ruwan zafi, kuma ba a jira. Garken ɓauna ya tare hanya, motoci suka yi layi, mutane na ɗaukar hoto kamar sun ga amarya. Shi abin da ya gani, ɗaya tana ɗingishi da ƙafar baya, kuma ba mai dubawa. Mutumin da ya rantse ya bar daji, ga shi ya ƙetare teku ya zo sauron wata ƙasa na cinsa.

Tsakanin gandu da gandu sai su sauka gidajen ƙawayen Basma. A tambaye shi ko zai sha shayi, ya ce a'a, a ce to. Ya zauna yana kallon kowa na kurɓa. Ya rame, Basma ta ce iskar duwatsu ta karɓe shi.

Ya gwada zagaye. Ya ce, "Irin wannan hanya Hosea ke so, direba ne na gaske." Ta ce, "Ayya." Wata rana ya ce, "Ko garin nan Denver sanyi ake yi yanzu?" Ta duba waya ta faɗa masa yanayin garin dalla-dalla, har da ruwan da ake sa rai gobe. Kullum sai ya shirya maganar a ransa, in ta iso harshe sai kunya ta danne ta. Yana jin haushin Basma, ya fi jin haushin kansa.

Da safiyar ranar komawarsa, kwanakin da aka ba shi a ƙasar sun ƙare cif, Basma na taya shi haɗa kaya ta ci karo da ƙullin yaji da kuka.

"Bappa, wannan fa na waye?"

"Na Hosea."

Ta tsaya da ƙullin a hannu. "Amma kai ka ce kada mu tsaya!"

"Sau ɗaya kika tambaya," in ji shi.

Ta zauna a bakin gado ta fashe da kuka. Jirgi da la'asar, Denver kuwa tafiyar yini ce har da ɗori. Abin da ya rage shi ne waya, ta kira Keturah ta bidiyo.

Keturah ta ce, "Baba Bobboyi, tun da babana ya ji ka sauka yake nuna min a zaunar da shi a bakin taga. Kullum. Da Basma ta ce ka ce a'a na faɗa masa, ya yi ta buga hannun kujera, ban gane me yake nufi ba."

Ta juya wayar. Ga Hosea, ya bushe, baki a karkace. Ya ƙura wa Bobboyi ido, leɓensa na rawa, kalma ta ƙi fita. Bobboyi ya ce ya jiki, ya sanyi, ya yara, Allah ya ƙara sauƙi. Gaisuwa ta ƙare, ya sake ta daga farko, don in ya yi shiru kuka zai yi a gaban 'ya'ya.

Ranar da ya fito majalisa a Bako aka yi ta sannu da hanya, aka matsa masa wuri a tabarma. Liman ya ce, "To, ya ka baro mutumin namu?"

"Alhamdu lillahi. Yana gaishe ku."

"Ya gane ka kuwa? Ka riƙe hannunsa?"

Bobboyi ya laluba aljihu ya ciro waya, ya buɗe hoton garken ɓauna. Ya ce, "Ku zo ku ga wasu shanu."