Ni Ka Ɗauka In Zama Kunnenka, Alhaji Datti

Na Allah muke, kuma komawarmu ba ta da wata hanya sai gare Shi. Ranar Laraba, sha biyu ga watan Safar, da hantsi, Allah ya karɓi ran kakana Alhaji Datti mai faci, a gidansa da ke Kabo, bayan kwana huɗu yana fama da zazzaɓi. Ina tashar Gwarzo kawuna Abdulnasir ya kira ni ya faɗa mini. Na hau babur na je na gaya wa mahaifiyata Raliya, ta dube ni ta ce, "Zailani, ba na son wasan banza, ubana ne fa." Sai da ta ga na zauna a ƙasa na kasa tashi sannan ta saki kwanon da ke hannunta. Irin sunan da na yi wa kaina ke nan: na kawo labarin mutuwa, uwata ta ɗauka tsokana ce.

Alhaji, yau da kai nake magana, ko da yake tun kana raye ma sai na ɗaga murya kake ji.

Shekara arba'in kana tsugune kusa da injin iska a bakin titi, har ƙararsa ta cinye maka kunne. Da ƙafa ta fara ba ka wahala ka dawo da sana'ar garejin gidanka, mutane suka biyo ka. Manoman Gammo da Garo sun san ba ka mayar da amalanke saboda mai ita ya zo hannu wofi. Direbobi kuwa suna jin haushinka suna kuma dawowa, don idan taya ta mutu ba ka yi mata faci. Kana jefa ta gefe ka ce, "Ba da hannuna za a kashe 'ya'yan mutane ba." Akwai damanar da tayar taraktar wasu mutanen Kutama ta sace a tsakiyar gona, ga lokacin huɗa yana wucewa. Ka bar abincinka, ka ɗaura tsohon injinka a bayan a-kori-kura, ka dawo da la'asar taɓo har gwiwa kana dariya.

Ni kuwa tun ina rarrafe muke faɗa da kai a kan kakata Inna Asibi. Ina shiga gida in ce na zo ganin matata, ka ɗaga sanda ka ce, "Wane ango ne wannan da ko wando ba shi da shi?" Na ɓoye maka hula a cikin tiyub. Na cika maka buta da ruwan sabulun gwada faci. Duk ka yafe, don duk ka gane su. Akwai guda ɗaya da ba ka gane ba, ita ce ta hana ni sukuni tun ranar Laraba.

Wata bakwai da suka wuce, likita ya ce Inna tana da hawan jini, ta guji hayaniya. Ɗakinta kuwa bango ɗaya ne da garejin. Ka ce tsohon injin nan ya gama aiki a gidanka, za ka sayo wanda ba ya ƙara, amma mai ƙarfin da zai cika tayar babbar mota ba tare da an tsaya jiransa ba. Ka yi ta tambayar masu fenti da kanikawa, wannan ya ce ka duba girman tanki, wancan ya ce ka duba saurin hawan geji. Da ranar tafiya Kano ta zo ka kira ni. Ka ce, "Ƙarfi ni zan gane shi da hannuna. Ƙara ce ba zan gane ba. Kai za ka zama kunnena."

A kasuwar Ƙofar Ruwa wani mai shago ya fito mana da guda biyu da suka yi maka, ja da shuɗi. Ya tayar da su ɗaya bayan ɗaya. Ka ɗora tafin hannu a kan tanki, idonka a kan geji, duka biyun suka gamsar da kai. Shuɗin yana aiki muna hira a kusa da shi ba mu ɗaga murya ba. Jan kuwa da ya tashi, har mai rake na tsallaken hanya sai da ya waiwayo. Ka juyo ka ce, "To ango, wanne ne mai shiru?"

Na ɗaure fuska na nuna jan. Na ce da ƙarfi a kunnenka, "Wannan ai ko jariri ka kwantar a kansa ba zai farka ba."

Mai shagon ya buɗe baki zai yi magana, na ƙyafta masa ido, ya ɗauka akwai wani dalili a tsakaninmu, ya yi shiru. Wallahi niyyata in bari ka fara ciniki, in fashe da dariya, ka bi ni da sanda a gaban mutane. Sai ka ce in yi maza in nemo motar da za ta ɗauko mana. Na ce a raina cinikinka ba ya ƙarewa da wuri, zan dawo in same ka. Na dawo na tarar an gama, an naɗe jan da kwali, kana gaya wa mutanen wurin cewa Allah ya ɗauke maka ji amma ya ba ka jika mai amana. Na ce in mun hau mota zan faɗa. A mota na ce in mun isa gida.

Da muka isa ka sa aka jona shi, ka tayar da shi, kwanukan rufi suka ɗauki rawa, awaki suka yi bayan gida. Ka leƙa ƙofar Inna fuskarka cike da murna ka ce, "Asibi, yaya kika ji?" Ta dube ka, ta daɗe tana dubanka, sannan ta matso kusa da kunnenka ta ce, "Au, har ka kunna?" Daga ranar duk gidan suka bi bayanta, ba wanda ya iya ɓata maka wannan farin ciki. Girgizar da kake ji a ƙafarka ka ɗauka ƙarfi ne. Ita kuma kullum aka buɗe gareji sai ta ɗauki tabarma ta tafi maƙwabta, ta ce maka hira ta je.

Yanzu ba inda za ta je. Tana takaba, wata huɗu da kwana goma a cikin ɗakin nan. Kawu Abdulnasir dole ya buɗe gareji bayan sadakar bakwai, don da shi ake ciyar da gidan, injin kuma ya zama kayan gado, ba mai sayar da shi ko musanya shi sai an raba. A makarantar allo malaminmu ya sha gaya mana cewa abin da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa yana da sauƙi, amma haƙƙin mutum sai mai shi ya yafe. A lokacin ina can baya ina ɗaure wa yara bakin riga. Yanzu maganar ce take bin ni duk inda na zauna.

Ranar uku na shiga wurin Inna na durƙusa na faɗa mata komai, Kawu yana tsaye a bakin ƙofa. Ta ajiye carbi ta ce, "Ashe kai ne, ɗan nema. Wata bakwai ina yi wa mai shagon nan Allah ya isa, bawan Allah yana can bai san hawa ba bai san sauka ba." Na ce ta yafe mini. Ta ce, "Ciwon kaina na yafe maka. Na Alhaji kuwa ba a hannuna yake ba. Ni ma da bakina na ce masa ban ji ba." Ta ja mayafi ta rufe fuska.

Kawu bai zage ni ba, bai kuma yi mini magana ba har yau. Na roƙe shi ya bar ni in gina wa injin ɗan ɗaki a can ƙarshen fili, a ja masa dogon tiyo zuwa gareji. Da kai kawai ya amsa. Na fara jidar bulo jiya. Ban sani ba ko zai rage ƙarar yadda ake so, kwana biyu kuma suka rage a buɗe garejin.

Ina miƙa ta'aziyya ga Inna Asibi, da Kawu Abdulnasir, da mahaifiyata Raliya da 'yan uwanta, da jikoki, da masu faci da direbobin Kabo da Gwarzo. Waɗanda suka yi jinyarsa kuma, ina roƙonku don Allah: in akwai wanda ya ji shi a kwanaki huɗun nan ya ce ya yafe wa kowa, ya neme ni ya gaya mini, ko da a waya ne. Na tambayi mutum shida, ba wanda ya tabbatar mini.

Allah ya jiƙanka, Alhaji Datti. Allah ya yalwata kabarinka, ya haskaka shi, ya sa iskar da ka ba bayinSa kyauta ta zama nauyi a mizaninka. Allah ya ba Inna lafiya da haƙurin zaman da ke gabanta. Ni kuma, ya Ubangiji, ranar da za ka tsayar da ni a gabansa ya ji abin da na yi da kunnensa garau, ka sanya masa tausayina.